Yadda Za Ka Ci Abincin Bakin Titi A Koriya Ta Kudu Hankalinka Kwance

Duk wanda tafiya ta kai shi Koriya ta Kudu, ko karatu ne, ko taro, ko saro kaya, abin da ke fara damunsa shi ne ciki. Ƙasar cike take da abinci, ko'ina ka juya tururi ne ke tashi daga wata rumfa, amma naman alade yana cikin abin da suka fi ci, kuma yakan ɓuya a inda ido ba ya kaiwa: cikin romo, cikin man suya, cikin ƙullin fulawa. Shi ya sa mutanenmu da yawa suke maƙalewa a shagon Turkawa ko na Indiyawa, su yi ta cin abin da suka saba har ranar komawa gida. A ganina wannan asara ce. Da ɗan shiri da kalmomi kaɗan, za ka ci abincin mutanen ƙasar ka ƙoshi.

Tun kana gida

Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka. Koriya ba ta yarda a shigo mata da nama ko abin da aka sarrafa da nama ba, kuma tun 2019 tarar wanda aka kama bai bayyana ba tana iya kaiwa won miliyan 10 (won shi ne kuɗin ƙasar). Akwai karnuka masu sunsunar kaya a filin jirgin Incheon, ba kuwa sa jin magiya.

Sauke Naver Map ko KakaoMap a wayarka, domin su ne mutanen ƙasar ke amfani da su wajen neman hanya da gidan abinci. Ka haɗa da Papago, manhajar fassara wadda za ka haska mata rubutu da kyamara ta karanta maka. Idan ka sauka ka canji kuɗi, ka nemi 'yan won 1,000 da 5,000 da yawa. Kati yana aiki kusan ko'ina, amma masu rumfar bakin titi sun fi son tsaba.

Sannan ka haddace waɗannan: dwaeji-gogi shi ne naman alade, so-gogi naman sa, dak-gogi kaza, haemul kayan teku, sul kuma giya. "Juseyo" a ba ni, "ppae juseyo" a cire mini, "eolmayeyo" nawa ne. Mafi sauƙi ka ajiye rubutun 돼지고기 a wayarka, wato naman alade da baƙaƙensu, ka nuna shi kana girgiza kai. Wannan rubutun zai yi maka amfani a kanti ma, saboda dokar ƙasar ta sa a rubuta shi a jikin leda idan abin ya ƙunshi naman alade.

Fara da kayan zaƙi da gashi

Ranar farko kada ka yi garaje. Nemi hotteok. Ƙullin fulawa ne da ake cusa masa baƙin sukari da kirfa da gyaɗa, a ɗora a faffaɗan kasko mai ɗan mai, a danne shi da wani marfin ƙarfe har ya baje. Mai sayarwa za ta naɗe shi biyu ta cusa maka a kofin takarda. Ka yi haƙuri ya huce, domin sukarin da ke ciki ya narke ya zama ruwa, idan ka gatsa da gaggawa sai ya ƙona maka harshe ya ɗiga a riga. A birnin Busan, a dandalin BIFF, suna tsaga shi su cika cikinsa da ƙwayoyi iri-iri, kamar 'ya'yan kabewa da gyaɗa, suna kiransa ssiat hotteok.

Akwai bungeoppang, wanda ake gasawa a tanda mai siffar kifi alhali babu kifi a cikinsa, jan wake ne da aka dafa da sukari. Akwai gasasshen dankalin Hausa, wanda suke ce wa gun-goguma. Waɗannan abincin lokacin sanyi ne, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu suka fi yawa. Gyeranppang, burodi mai ƙwai guda a samansa, shi ma yana da daɗi, sai dai ka leƙa tukuna, wasu suna barbaɗa masa yankan naman alade.

Rumfar tteokbokki: tsaya ka duba kafin ka ce a zuba

A nan ne aikin yake. Tteokbokki shi ne sarkin abincin titin Koriya: curin garin shinkafa masu tsawon yatsa, ana dafa su cikin jar miyar gochujang, wato dakakken barkono da aka tsima da shinkafa da waken suya. Yana da yaji da zaƙi-zaƙi, yana kuma da danƙo a baki. Shi kansa yawanci babu nama, romon ƙananan kifi da ganyen teku ake yi masa, a jefa yankan eomuk, wato niƙaƙƙen kifi da aka soya.

Matsalar maƙwabcinsa ce. Kusan kowace rumfar tteokbokki tana da wata tukunya a gefe, an rufe ta da leda, tururi na fita. Abin da ke ciki sunansa sundae, hanjin alade ne da aka ɗura masa jini da taliya, ana yanka shi tare da hanta da huhu. Ka tsaya gefe minti biyu kana kallon hannun matar. Tana jefa sundae cikin babban kaskon miyar ta juya wa wani? Ludayi ɗaya take ɗiba da shi? Almakashin da ta yanka wancan da shi ne za ta yanka maka naka? Idan haka ne, wuce gaba, rumfa ba ta ƙarewa. Idan kowanne da wurinsa da wuƙarsa, ka ce "tteokbokki il-inbun juseyo", a ba ka na mutum ɗaya.

Haka batun twigim, soyayyun abubuwa da ake jerawa a gefe. Akwai na dankali, na jatan lande, na taliyar da aka naɗe da ganyen teku. Amma a cikin man nan ɗaya ake soya mandu, wato ƙullin fulawa mai cushe a ciki, kuma mandu kusan kullum da naman alade ake cusa shi, har wanda aka ce na kimchi ne, wato tsimammen kabejinsu, ko na ganye. Ni dai ina barin twigim in ga mandu a jere.

Eomuk na tsinke kuwa ka ci son ranka. Suna tsaye cikin romo mai zafi, kai za ka zaro da kanka, ka shafa ɗan ruwan waken suya, ka ci a tsaye. Ka ajiye tsinkayen a gabanka, da su za a ƙirga kuɗinka. Romon kyauta ne, ga kofuna nan da ludayi, kuma cikin sanyin Janairu babu abin da ya kai shi.

Wasu nau'o'in gochujang na masana'anta ana ɗiga musu ɗan sinadarin barasa don kada su lalace. Mai tsananta wa kansa a wannan babin sai ya jira ya ci nasa a gidan abinci mai shaidar halal.

Idan ka gama, miƙa wa mai rumfar kofinka da tsinkenka. Kwandon shara yana da wuyar samu a titunan Seoul, kuma ba a yarwa a ƙasa.

Wace kasuwa?

Myeongdong ce kowa ke fara ambata. Da yamma titin yana cika da rumfuna, akwai ma masu ɗaga alamar halal, amma an shirya ta ne don baƙi, farashinta ya fi na ko'ina. Je ka ba idonka abinci.

Gwangjang ce kasuwar ci. An kafa ta a 1905, tana kusa da tashar Jongno 5-ga a layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ana zama a dogon benci kafaɗa da kafaɗa da mutanen da ba ka sani ba, mata masu girki suna gabanka. Ka kira babba a cikinsu "imo", wato inna, za ka ga fuska ta saki. Abin da kasuwar ta yi suna da shi bindaetteok ne: ɗan ƙaramin koren wake ake jiƙawa, a niƙa a dutse a gabanka, a soya shi da fadi cikin mai mai yawa har gefensa ya yi ƙaras-ƙaras. Ka yi tambaya biyu kafin ka zauna, ko akwai nama a ƙullin, da kuma irin man da ake suya, domin tun asali da kitsen alade ake yinsa, kuma a kasko ɗaya ake soya wainar naman. Idan amsar ba ta fita sarai ba, koma kan mayak gimbap, 'yan ƙananan naɗin shinkafa da karas da tsimammiyar saiwar radish cikin ganyen teku, an shafe su da man riɗi. Babban gimbap na sauran wurare kuwa, ko na kifi ka ce, galibi sai an sa masa sirin naman alade da suke kira haem, don haka ka ce "haem ppae juseyo" tun kafin a fara naɗi.

A teburan nan za ka ga ana zuba wani farin abin sha a kwano, kamar kunun zaƙi. Makgeolli ne, giyar shinkafa. Wanda za ka iya sha shi ne sikhye, ruwan shinkafa mai zaƙi da sanyi, da 'yan ƙwayoyin shinkafa suna yawo a ciki.

Bi teku

A mazhabar Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne, kuma ruwa ya kewaye Koriya ta ɓangare uku. Wannan shi ne babban rabonka. A kasuwar Namdaemun akwai lungu guda na galchi jorim, dogon kifi mai sheƙi da ake dafawa da yaji a 'yar tukunya. A kusa da Dongdaemun akwai lungun gasasshen kifi. A kasuwar kifi ta Noryangjin a Seoul, ko Jagalchi a Busan, za ka zaɓi kifinka da ransa a ƙasa, ka yi ciniki, a kai ka gidan abinci a sama a gasa ko a dafa maka. Ka sani kuɗin kifi daban, kuɗin zama da girki daban, ka tambaya tun farko. Wanda bai saba da ɗanyen kifi ba ya ce "gui", gashi ke nan, don idan ka yi shiru ɗanye za a yanko maka.

Idan ka shiga gidan abinci

Duba ƙofa, in ka ga takalma a jere cire naka. Cokali da tsinkayen cin abinci na ƙarfe suna cikin wata 'yar durowa a gefen tebur. Ruwa sau da yawa kai za ka ɗebo. Idan akwai ƙararrawa a tebur danna ta, in babu ka ɗaga murya ka ce "jeogiyo", ba rashin kunya ba ne a wurinsu. Za a jera maka ƙananan kwanoni na kimchi da ganyaye, ana kiransu banchan. Kyauta ne, in sun ƙare a ƙaro. Kimchi kabeji ne da barkono da tafarnuwa da tsimammen kifi ko jatan lande, ba shi da matsala, amma miyarsa, kimchi jjigae, da naman alade aka saba yi.

Bibimbap zaɓi ne mai kyau: shinkafa da ganyaye da ƙwai, ka ce "gogi ppae juseyo" a cire nama. Sai dai ka kula da 'yar miyar da ke rako shi, galibi akwai garin ɗanɗanon naman sa a ciki. Gidajen gashin nama da ake hura gawayi a tsakiyar tebur ba sa cika karɓar odar mutum ɗaya, sai ta biyu, kuma a kan ragar ƙarfe ɗaya ake gasa naman sa da na alade. Wurare da yawa suna rufewa tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma.

Idan da dattijo a tebur, shi ke fara ci. Abin da babba ya miƙo maka da hannu biyu ake karɓa. Kada ka soke tsinke a tsaye cikin shinkafa, wannan na bikin tunawa da mamata ne. Idan abokan aiki suka matsa maka da soju, giyar da suka fi sha, ka ce "sul mot masyeoyo", ba na iya shan giya, ka cika kofinka da lemo. Kuɗi a bakin ƙofa ake biya lokacin fita, ba a kuma barin tukwici.

Ranar da kwaɗayin nama ya taso

Kaza a tsinke, dakkochi, za ta yi ta kiranka a titi, amma ba yankan Musulmi ba ce, kowa kuma ya san abin da malaminsa ya gaya masa a kan haka. Hanya mafi sauƙi ita ce Itaewon, a layi na 6. Ka hau tudu zuwa Babban Masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976. A kewayensa akwai mahauta da gidajen abinci na halal, ciki har da masu girkin Koriya zalla, inda za ka ci bulgogi, gasasshen naman sa da aka tsima, da samgyetang, wato 'yar kaza da aka cusa mata shinkafa da saiwar jinsen aka dafa.

Hukumar yawon buɗe idon ƙasar ta kasa gidajen abincin da ke maraba da Musulmi kashi huɗu, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai mai takardar shaida daga hukuma irin Tarayyar Musulmin Koriya, akwai wanda mai shi Musulmi ne ya ba da shaida da kansa, akwai mai wasu girke-girken halal amma yana iya sayar da giya, akwai kuma wanda kawai ba ya amfani da naman alade. A na ƙarshen nan, naman sa da kazar da ke ciki ba lallai a ce yankan halal ba ne, don haka a can ma kifi ko ganye za ka nema. Idan za ka je Itaewon ranar Juma'a, ka ci abinci kafin salla ko ka jira wajen ƙarfe 3, domin ana idarwa duk gidajen ke cika maƙil.