Yadda ake dasa ɓauren tin a gida nan Maradi

Masu tambaya ko ɓauren nan na Larabawa, tin da Allah ya yi rantsuwa da shi cikin Alƙur'ani, yana yi ƙasarmu, eh yana yi, amma don Allah kar wanda ya samu busasshe cikin tsarabar alhazai ya ce zai shuka ƙwayar ciki. Wahalar banza ce. Ko ya tsiro ba irin uwar zai ba ka ba, wani ma sai ya cika gida da ganye ɗiya ko ɗaya babu. Irin na da da reshe ake gadonsu, baƙin nan Black Mission tun wajen 1769 da 'yan mishan ɗin Sipaniya suka kai shi Kalifoniya ta Amurka yankawa ake ana dasawa har yau, haka Brown Turkey da Kadota, kuma su ukun nan suna ɗiya su kaɗai ba sai da barbara ba. Na Simirna can Turkiyya kuwa, wanda aka fi busarwa, sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya shige cikinshi sannan ya nuna, in ba haka ba ɗiyan zubewa suke tun suna ƙanana. Kar ka ce ai akwai ɓauren daji bakin gulbi, kowane ɓaure da nashi ƙwaron.

To ɗan'uwa, nemi reshe daga iccen da ka ga ɗiyanshi da idonka, ba wanda mai sayarwa ya yi ma rantsuwa ba. Cikin hunturu, Disamba zuwa Janairu, ka yanki mai kaurin ɗan yatsa, tsawon santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa 3 ko 4, wanda ya yi ƙwari ba kore shar ba. Cire ganyen duka, ka yi hankali da farin ruwan da yake fitarwa, ƙaiƙayi gare shi, in rana ta buge wurin ma har ƙuna yake. Yanka bido ka huda gindinshi, ka zuba rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka binne gaɓa biyu, idon toho na kallon sama, da yawa kai ƙasa suke cusa shi. Aje shi inuwa ka lulluɓe da farar leda, ƙasar ta zama da damshi kawai, yawan ruwa shi ke ruɓar da shi. Ganye kan riga saiwa fitowa, saboda haka kar zumuɗi ya sa ka ja shi ka duba, ka ba shi sati 4 zuwa 6.

Dashe sai ruwa ya sauka, wajen Yuni. Matsalarmu jigawa, akwai tsutsar nan da ido bai gani wadda ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙulli-ƙulli, rairayi take so kuma ɓaure ma cinshi take, kar ka sa shi inda aka taɓa yin su. Ni dai rabin tano na fi so, ka cika shi da ƙasar fadama da taki, ga shi saiwar ba ta samu ta bi katanga ko ramin masai ba. In ƙasa za ka sa, ba shi mita 4 daga gini.

Bazara ita ce jarabawa, Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, na cikin tano kullum sai ya sha, ka rufe gindin da busasshen ganyen bedi amma kar ya taɓa jikin iccen, ka riƙa leƙa gara. Awaki kuma ka san halinsu. Sabon reshe in ya kai ganye 5 ko 6 ka tsinke kanshi da farce, ɗiyan sun fi saurin fitowa, shekara ɗaya ko biyu ka fara ci. Tin bai nuna bayan an tsinke shi, ka bari sai ya yi laushi wuyanshi ya langaɓe, in ka tsinka ka ga farin ruwa to bai nuna ba, gaggawa ka yi. Ɗaure ma waɗanda suka kusa nuna guntun tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye da jemage.