Sabar faks a ofis: kurakuran da na gaji da gyarawa

Wanda ke cewa faks ya mutu bai taɓa cinikin kaya da kamfanin Japan ko na Jamus ba. Har gobe akwai waɗanda ba za su ɗora maka kaya a jirgi ba sai takardar oda mai sa hannu ta iso musu ta faks. Shi ya sa ofisoshi da dama, maimakon kowane sashe ya sayi injinsa, suke ware kwamfuta ɗaya, wato sabar, ta riƙa aikawa da karɓa a madadin kowa. Ma'aikaci ya tura takarda daga teburinsa kamar zai buga ta a firinta, wadda ta shigo kuma ta faɗo masa a imel. Ɗora manhajar ba wani aiki ba ne, ko HylaFAX ce a kan Linux ko wadda ke zuwa da Windows Server. Inda samarinmu masu haɗa kwamfuta ke tuntuɓe kullum shi ne layi.

Tun da layukan NITEL suka kwanta dama, yawancin ofisoshi a Najeriya ba su da wayar tarho ta tagulla. Lambar ofis ta intanet take shigowa, a jona ƙaramin akwatin ATA mai haɗa tarho da intanet, a ɗaga a ji murya tangaram, sai yaro ya ce layi lafiya lau. Ga murya, gaskiyarsa. Amma faks ba magana yake yi ba, ƙara yake yi, kuma kowane ɗigo na takardar yana cikin wannan ƙarar. Kamfanonin layi da yawa suna matse murya da tsarin G.729, wanda ke mayar da kira kilobit 8 a daƙiƙa. An ƙera shi ne don muryar ɗan Adam, duk abin da bai yi kama da ita ba dagula shi yake yi. Ɗan ɓacewar sauti da kunnenka ba zai ma lura ba ya isa ya kashe shafi guda.

Alamun ba sa ɓuya. Injin can ya ɗauka, a ji shewar gaisuwa, sai kira ya yanke kafin shafin farko. Ko shafi ɗaya ya wuce lafiya, takarda mai shafi goma ta tsinke a tsakiya. Me yaro zai yi? Ya ce modem ne, na'urar da ke haɗa sabar da layi. A sayo sabo. Ya goge manhaja ya sake ɗorawa. Ya kira mutanen can ƙetare ya ce injinsu ne ya tsufa. Haba malam! Modem nawa za ka sa Oga ya saya kafin ka buɗe shafin ATA ka duba da wane tsari kiran yake tafiya? Na sha kwana a ofishin mutane ina warware irin wannan ɓarna, kuma kuɗin modem ɗin da aka zubar daga ladan aikina ake zabge shi, don a wurin mai ofis duk mu ɗaya ne, "masu kwamfuta".

Maganin yana nan tun 1998, lokacin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da T.38, tsarin aika faks ta intanet. Akwatin ATA yana sauraron ƙarar faks, ya mayar da ita bayanai, ya aika tare da maimaici ko da wani ya ɓace a hanya, a can ɗaya gefen a sake mayar da ita ƙara. Sai dai dole ɓangarorin biyu su yarda da shi. Kunna shi a akwatinka kaɗai ba ya amfana komai in kamfanin layin ba ya ɗauka. Ni kafin in taɓa waya ko ɗaya, sai na tambaye su, kuma a rubuce nake so su amsa. In babu T.38, sai in kulle layin a kan tsarin G.711 mai kilobit 64, wanda ba ya dagula ƙarar, in cire sauran gaba ɗaya, in kashe abin da ke yanke sauti lokacin shiru da mai kashe amsa-kuwwa, in sauke gudun faks zuwa bit 9,600 a daƙiƙa. Wasu suna barin 14,400, ni ba na yi. Gudun 33,600 kuwa, a kan intanet ɗin da muke da shi, neman magana ne. A rauta kuma, wato na'urar raba intanet, a kashe SIP ALG, wanda aka sa don ya taimaka wa kiran intanet amma ya fi kowa ɓata kira.

Akwai inda na saɓa da abokan sana'a. Da yawansu suna kashe ECM, tsarin da ke sa a sake aiko guntun shafin da ya lalace, wai don kira ya daina yankewa. Gaskiya ne, yana daina yankewa. Amma shafin zai iso da zane-zane, kuma in zanen ya bi ta kan lambar asusun banki fa? Gara a ce mini bai tafi ba in sake aikawa.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, don shi ba ya ihu. Faks ya shigo, mai aikawa ya samu takardar shaida cewa ya isa, sabar ta adana shi, amma babu ɗan Adam ɗin da ya gani. A HylaFAX takardun suna taruwa a cikin babban fayil mai suna recvq, kuma sai ka gyara fayil ɗin FaxDispatch ka faɗa masa imel ɗin wa zai tura wa, da cewa ya mayar da su PDF maimakon TIFF. Yara suna yin wannan da adireshin Gmail da kalmar sirrin sakatariya, su gwada sau ɗaya, su karɓi kuɗinsu su tafi. A watan Mayun 2022 Google ya rufe shiga da kalmar sirri zalla ga irin waɗannan manhajoji. Sabar da dama suka ci gaba da karɓar faks suna kasa turawa, shiru kake ji.

Wani ofishin masu shigo da kaya da nake kula wa da kwamfutoci haka ta faru da su. Takardun da ake jira don a fitar da kwantena sun iso tuni, suna kwance a cikin kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin masinja, kuɗin ajiya yana ta hawa a tashar jirgin ruwa. Alhaji yana ta faɗa da mutanen ƙetare a waya, su kuma suna rantsuwa sun aiko. Da na buɗe wurin, ga su jere, har da na wasu abokan ciniki da suka gaji suka koma wani wuri. "To kai aikin me kake yi mana?" Abin da ya tambaye ni ke nan, ko da yake ba ni na kafa sabar ba. Wannan kwangila ba ta kai ƙarshen shekara ba.

Tun daga nan ba na barin faks ya dogara da hanya ɗaya. Ya tafi imel, ya kuma sauka a babban fayil da ake gani daga kwamfutocin ofis. Sannan a ɗora wa mutum guda, mai suna, nauyin dubawa kowace safiya. In aka ce "kowa ya riƙa dubawa", babu wanda zai duba. Asusun imel ɗin kuma na ofis ne, da kalmar sirri ta musamman ga manhaja, don ranar da sakatariya ta canja tata ko ta bar aiki kada komai ya tsaya. Amma kada garin gyara ka buɗe wa kowa da kowa fayil ɗin, takardar albashi da ta asibiti ma ta nan suke shigowa.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin lokaci. Modem a kafar ATA mai alamar FXS ake jona shi, wadda ke ba da sautin layi, ba FXO ba. Kada ka kuskura ka cusa shi a kafar dijital ta na'urar rarraba kira, yana iya ƙonewa. In sai an danna 9 kafin a fita waje, sa 9 da waƙafi a gaban lamba don ya ɗan jira. Kiran ƙetare daga Najeriya da 009 yake farawa, daga Nijar 00, sai lambar ƙasa, 81 ga Japan, 49 ga Jamus, a jefar da sifirin farko na lambar gari. Ba sabar adireshin IP tsayayye, in ba haka ba ranar da rauta ta sake rabo kowa zai neme ta ya rasa. HylaFAX ta kafar sadarwa (port) mai lamba 4559 take sauraro, a buɗe mata ita a manhajar tsaro (firewall). Modem mai arha na USB da ke jingina da manhajar Windows sau da yawa ba ya aiki a Linux, tambaya kafin ka biya. Daidaita agogo, don ranar da ke saman takarda ita ake kawowa in rigima ta tashi.

Kwamfutar da wani ke aiki da ita ba ta zama sabar. Zai kashe ta ya tafi gida, ko ta yi barci da kanta, alhali ƙarfe tara na safe a Tokyo ƙarfe ɗayan dare ne a Kano. UPS kuma, batirin da ke riƙe wuta, ba na sabar kaɗai ba ne. In an ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi ATA da rauta sun mutu, kira ya yanke, kai kana alfahari da kwamfutarka na kunne. Mai layin tagulla ya sa masa kariyar tsawa kafin damina.

Biro shuɗi da hatimi maras kauri ba sa fita sosai, yawancin injinan faks baƙi da fari kawai suka sani. A sa hannu da baƙi, a zaɓi kyan hoto na ɗigo 204 da 196 a inci maimakon 204 da 98 in takardar tana da ƙananan lambobi.

Gwaji kuma ba shafi ɗaya da aka rubuta "gwaji" ake aika wa kai ba. Nemi injin da ke wajen ofis, a wani layin daban. Aika masa shafi goma masu jadawali da tsakar rana, lokacin da kowa ke kan intanet, ka sa su ma su aiko maka, sannan ka tsaya a bayan wanda aka ɗora wa dubawa har ya buɗe ya karanta maka lambar da ke shafin ƙarshe.