Yadda Za Ku Zaɓi Littattafan Darasin Gwamnati Ga Ɗan Sakandaren Da Ke Karatu A Gida

Iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida sukan ba da ƙarfi wajen neman littafin Lissafi da na Turanci, amma in an zo darasin Gwamnati da na ilimin zama ɗan ƙasa sai a ɗauko wanda yayansa ya bari a kwali. Wannan yana damuna, domin babu fannin da littafinsa ke saurin tsufa kamar wannan.

Ku fara da sanin jarrabawar da yaron zai zauna. Wanda ba ya zuwa makaranta yakan rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, sannan JAMB in zai wuce jami'a. Ku samo manhajar shekarar da zai rubuta, ku buga ta a takarda, ku tafi da ita shagon littattafai. Ita ce ma'auninku, ba maganar mai shago ba.

A shagon, kada kyan bango ya ruɗe ku. Ku buɗe inda aka jera sharuɗɗan tsayawa takara. In littafin ya ce sai mutum ya kai shekara 30 zai nemi kujerar Majalisar Wakilai, ku ajiye shi, don tun 2018 aka mayar da shi 25, na shugaban ƙasa kuma daga 40 zuwa 35. Ku leƙa taken ƙasa ma, tunda a watan Mayun 2024 aka koma tsohon take na lokacin samun 'yancin kai. Wani littafin sabon bango kawai aka yi masa, cikinsa na nan jiya i yau.

Daga nan ku duba babin tarihin tsarin mulki, a nan ake gane marubucin da ya san aikinsa. Kowa zai jera muku tsare-tsaren mulkin zamanin Turawan mulkin mallaka: na Clifford 1922, na Richards 1946, na Macpherson 1951, na Lyttelton 1954. Nagari shi ne wanda zai faɗi abin da kowanne ya kawo da dalilin da ya sa aka sauya shi: na 1922 ya buɗe ƙofar zaɓe, amma a Legas da Kalaba kaɗai, na 1954 ya kafa tarayya sosai. Ku ga kuma yadda ya bayyana sarautar ƙasar Hausa, aikin Waziri da Galadima da Madawaki da alƙalai, da yadda Lugard ya bi ta hannun sarakuna ya yi mulki. Yaron da ya taɓa zuwa hawan sallah zai kama wannan nan take.

Sai ku haɗa da kundin tsarin mulkin 1999 mai ɗauke da gyare-gyarensa. A ganina ya fi kowane littafi amfani. Ku zauna da yaron ku karanta Babi na 4 mai magana kan haƙƙoƙin ɗan Adam, sashe ɗaya a mako, daga sashe na 33 kan 'yancin rayuwa. Ku tattauna da Hausa har ya gane, sannan ya rubuta amsarsa da Turanci, tunda da shi za a tambaye shi.

Tambayoyin shekarun baya su zo a ƙarshe. Ku riƙa ba shi waɗanda suka shafi babin da ya gama kawai, ku gwada amsoshin da ke bayan littafin tambayoyin da abin da kundin ya ce, domin akan samu kuskuren ɗab'i a cikinsu.