Babi na 6: Fitar da iska daga radiyetar ɗumama ɗaki

Wannan babi na masu zama a Ingila ne da sauran ƙasashen sanyi, inda ake ɗumama gida da ruwan zafi. Boila ce ke dafa ruwan, ya bi ta bututu ya shiga radiyeta, wato farin ƙarfen nan mai faɗi da ke manne da bango, galibi a ƙarƙashin taga. Da Oktoba ta kama aka kunna boila, sai ku ji ana cewa ga ta tana aiki amma ɗaki kamar waje. Sau da yawa iska ce kawai ta shiga, kuma ku da kanku za ku iya fitar da ita.

Darasi na 1: A taɓa a ji

Ku kunna boila, ku ba ta lokaci. Ku ɗora bayan hannu a ƙasan radiyeta, sannan a samanta. A hankali, tana ƙuna. Idan ƙasa da zafi, sama da sanyi, iska ce. Iska ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta haye sama ta tare wa ruwa wuri. Wani lokaci ma za ku ji ƙul-ƙul a ciki. Idan kuwa sama ke da zafi ƙasa sanyi, wannan dauɗa ce da tsatsa suka kwanta, kuma abin da za mu koya a nan ba ya maganinta.

Darasi na 2: Kayan aiki

Tsumma, ƙaramin kwano, da makullin radiyeta. Makullin ɗan mitsitsi ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, bakinsa rami ne mai kusurwa 4. Ana samunsa a shagunan kayan gyaran gida irin su B&Q da Screwfix, ba tsada. Yanzu ku je gaban radiyetarku da wannan littafi a hannu. Ku dubi sama, can gefe guda. Za ku ga ɗan zagayayyen ƙarfe da ƙusa mai kusurwa 4 a tsakiyarsa. Nan makulli ke shiga. Wata ƙusar tana da tsaga, ita sukudireba mai faɗin baki ke buɗe ta. Babban abin murɗawa da ke ƙasa, mai lambobi a jiki, ba shi muke nufi ba. Sama muka ce.

Darasi na 3: Buɗewa

Ku kashe boila tukuna. Ku jira radiyeta ta huce, har ku iya kama ta ba tare da janye hannu ba. Ruwan da ke ciki yana iya sale fata.

Ku ajiye kwano a ƙasa, daidai ƙusar. Tsumma a hannu guda, a tare a ƙarƙashinta. Makulli a ɗaya hannun. Ku juya hagu, kamar yadda kuke buɗe famfo, amma kaɗan. Kwata ɗin zagaye. In iska ba ta fito ba, ku ƙara har rabi. Daga rabi ba a wucewa.

Za ku ji tsiii. Iskar ke nan. Kada ku tsorata, kuma kada ku ƙara juyawa. A nan ne mutane ke ɓata aiki: da sun ji sautin sai daɗi ya kama su, su ci gaba da murɗawa wai don ta fita da sauri. Ku tsayar da hannu, makulli na nan a kan ƙusa, ku saurara. Sautin zai ragu, ruwa ya fara tofowa, sannan ya zubo sosai. Da ruwa ya zubo, ku juya dama ku rufe. Ya kama kawai, ba sai kun sa ƙarfi ba, don ƙusar tana da laushi, bakinta na cinyewa.

Mu sake. Hagu, kwata. Tsiii. Jira. Ruwa. Dama, rufe. Ku karanta wannan layi da ƙarfi kafin ku taɓa komai. Wanda hannunsa ke rawa, ba laifi, kowa haka ya fara. Ku gwada juya makullin a iska ku ga iyakar kwata: daga 12 zuwa 9 a fuskar agogo.

To, Alhaji, Hajiya, don Allah a ji wannan. Ƙusar ba a cire ta. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, amma sai an samu wanda zai kwance ta gaba ɗaya. In ta fito, baƙin ruwa ne zai feso bango da kafet, ita kuma ta gangara ƙarƙashin kujera, ga hannu ɗaya a bakin rami ga ɗaya yana lalube. Tabon ruwan nan da wuya ya fita, kuma in gidan haya ne, daga kuɗin ajiyarku mai gida zai cire. Ba ƙarfi ake nema ba, ba sauri ba. Kwata, in ta kama rabi.

A gida mai bene, ku fara da radiyetocin ƙasa, wadda ta fi nisa da boila, sannan ku hau sama. Kowacce dai hagu, kwata.

Darasi na 4: Agogon boila

Bayan kun gama, ku duba ɗan agogon da ke gaban boila, mai nuna ƙarfin matsin ruwa. In tana sanyi, allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta sauka ƙasa da 1, ana buƙatar ƙarin ruwa. Littafin boilar ya nuna yadda ake yi, ko ku kira mai gida. Wasu tsofaffin gidaje masu tanki a rufi ba su da agogon, da kansu suke cika.

Darasi na 5: Kiran mai gyara

In iska na dawowa kowane mako, akwai yoyo ko tsatsa. Murfin boilar gas kuma ba ku za ku buɗe ba. A Birtaniya doka ta ce sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas. Ku nemi ganin katinsa.

Aikin gida

Ku rubuta sunayen ɗakunanku. A gaban kowanne ku sa "zafi" ko "sanyi". Ku kawo ranar aji.