Yadda za ka shiga harkar binciken abinci da lafiyar dabbobi daga nan Jos

Ƙanena da ya gama sakandare ya tambaye ni wai mai son binciken dabbobi ta ina zai fara, na ce kai da kake Jos ai abin a ƙofar gidanku yake, in ka wuce Bukuru ga Vom nan, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa NVRI tun 1924 take wurin, can ake haɗa alluran rigakafin shanu da kaji.

Da farko dai ka san inda ka dosa. In cuta ce ta dame ka, irin su ciwon huhu, sammore ko murar tsuntsaye, to likitan dabbobi za ka karanta, shekara 6 ne, akwai shi a Jami'ar Jos da ABU Zariya. In kuma abinci ne, kimiyyar kiwon dabbobi ce a tsangayar aikin gona, shekara 5, su kuma babban gidansu NAPRI ce, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya. Wanda JAMB ta ba wahala ya fara da difloma a kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom ɗin, ba abin kunya ba ne wallahi.

Amma inda yara ke yin sakaci shi ne lokacin IT, wato zuwa koyon aiki ana cikin karatu, da bautar ƙasa. Ka nemi a tura ka laboratore, ka manne wa malami guda ko da wanke kwalabe zai sa ka, don shi ne zai rubuta maka takardar shaida ranar da za ka nemi digiri na biyu, kuma in ba digiri na biyu da na uku da wuya ka yi nisa a harkar bincike.

Maudu'in furojet ɗin kammala karatu kuwa, don Allah kar ka kwafo a intanet. Je kara ko ruga ka zauna da makiyaya, tambaye su me shanu ke ci a watan Maris in ciyawa ta bushe, nawa ake sayen harawa da dusa da kowar wake, a cikin masara mai funfuna me ke kashe kaji. Koyi ɗan Fulatanci ko gaisuwa ce, sannan ka zauna ka koyi lissafin alƙaluma a kwamfuta, da Excel ma za ka iya farawa. In ka gama likitanci kar ka manta rajista da hukumar likitocin dabbobi VCN, 'yan kimiyyar kiwo kuma tasu hukumar ita ce NIAS.