Darasi na 9: Jini a bayan gida bayan gashin sankara

Gashi magani ne da ake yi wa mai sankara a asibiti. Na'ura ce take harba wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ya kashe ƙwayoyin cutar. Mai sankarar bakin mahaifa akan yi mata gashi kwana 5 a mako, har wajen mako 5.

Dubura, wato ƙarshen hanji inda kashi ke taruwa, tana maƙwabtaka da mahaifa da mafitsara. Shi ya sa in ana gasa mara, hasken yakan taɓa ta, ga mace ko namiji.

Wani raunin yana zuwa ana cikin gashin: zawo, majina a kashi, da yawan jin bayan gida, a je a yi ta yunƙuri babu komai. Wannan yakan lafa makonni kaɗan bayan an gama. A yawaita shan ruwa, a rage yaji da maiƙo, a faɗa wa likita. Kada a daina zuwa gashi.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne mai zuwa daga baya, bayan watanni, wani lokaci har shekaru. Ƙananan jijiyoyin jinin wurin sun yi laushi, kashi mai tauri na gogar su sai su fashe. Mutum ya riga ya manta da gashi, sai ya ga jini. Nan take 'yan uwa za su ce basir ne, a kawo jiƙo, wani ma ya ce a kira wanzami. A kul! Naman da aka gasa ba ya saurin warkewa, yanka ko ƙuna na iya zama gyambo. Asfirin ma ƙara zubar jinin yake yi.

A koma asibiti da katin gashi a hannu. Likita zai leƙa da siririn bututu mai kyamara, don ya tabbatar ba sankara ba ce. Akwai maganin da ake ɗurawa ta dubura mai suna sukuralfet, akwai kuma toshe jijiyoyin ta cikin bututun. In jiri ya zo, ko jini guda-guda, ko mace ta ga kashi na fita ta gabanta, ranar za a tafi, ba a jira gobe.

Aiki
1. Me ya sa gashin mara yake taɓa dubura?
2. Maƙwabciyarku ta gama gashi bara, yau ta ce basir ya kama ta. Me za ku ce mata?