Zango ɗaya a jami'ar maƙwabta: kurakuran da ɗaliban Damagaram suka fi yi da hanyar gyara su

Wanda ya bar tashar Damagaram da safe, ya bi ta Matamaye da Ɗan Barto, ya ƙetara Kwangwalam ya ratsa Daura, yana iya yin sallar la'asar a Kano idan ba a riƙe shi a kan iyaka ba. Wannan kusanci shi ne yake yaudarar ɗalibinmu da ya samu damar yin zangon karatu ɗaya a wata jami'ar gwamnati ta Najeriya, ko Jami'ar Bayero ce ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yana ganin harshe ɗaya ne, abinci ɗaya ne, ga kawu a Fagge ga goggo a Kurna, sai ya ɗauka cewa karatun ma ɗaya ne. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sauran jami'o'in Nijar suna bin tsarin da aka gada daga Faransa, na Najeriya kuwa sun ginu a kan na Ingila da Amurka, kuma yawancin asarar da ɗalibai suke yi a tsakanin tsarin nan biyu take faɗawa.

Kuskure mafi tsada shi ne tafiya da alkawarin baki. Ɗalibi ya je wurin shugaban sashensa, malam ya ce masa, “Je ka abinka, in ka dawo za mu duba,” shi ke nan ya ɗaure kaya. Bayan wata biyar ya dawo ya tarar an sauya shugaban sashe, ko kuma an ce darussan da ya yi can ba su dace da na zangon da ya bari ba, sai a sa shi maimaita shekara. Na san wani ɗalibin ilimin ƙasa da wannan ta faɗa wa: ya ci duk jarrabawarsa a can, amma biyu kacal aka karɓa cikin darussa bakwai, domin babu wata takarda da ta ce ga wanda zai tsaya a madadin wane. Gyaran yana da wahala amma ba shi da tsada. Kafin tafiya, a nemo jerin darussan jami'ar da za a je, tare da bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa da yawan awoyinsa a mako, a zauna da shugaban sashe a jera su gefe da gefe da na gida, sannan a rubuta yarjejeniyar a sa mata hannu da hatimi a ɓangarorin biyu. Idan an isa can aka tarar ba a koyar da ɗaya daga cikin darussan a wannan zango, abin da yakan faru, kada ɗalibi ya zaɓi wani da kansa; ya rubuto gida a amince da canjin a rubuce tun cikin makon farko.

A cikin wannan yarjejeniya ne ya kamata a warware lissafin kiredi, wato ma'aunin nauyin kowane darasi, domin nan ma ana tuntuɓe. A tsarinmu zango ɗaya kiredi 30 ne, digirin farko na shekara uku kuma 180. A Najeriya ɗalibi yakan yi rajistar tsakanin 15 zuwa 24 a zango, saboda ma'auninsu awoyin zama a aji yake ƙirgawa, namu kuwa yana haɗawa da aikin da ɗalibi yake yi shi kaɗai. Wanda ya dawo da 18 bai yi rabin aiki ba, amma ma'aikacin ofishin rajista da ya ga 18 a inda yake jiran 30 ba zai yi masa wannan tawili ba sai ya gan shi a rubuce.

Maki ma haka yake, har ya fi rikitarwa. Mu muna auna ɗalibi da 20, 10 ita ce ci, kuma darasin da aka yi ƙarfi a cikinsa yana iya ɗaga wanda aka yi rauni idan an haɗa matsakaici. Can kowane darasi gashin kansa yake ci: wanda ya faɗi ɗaya zai sake shi a shekara mai zuwa, ɗalibin zango ɗaya kuwa ba shi da shekara mai zuwa a wurin. Sannan maki 70 cikin 100 shi ne matakin A, mafi girma a wurinsu, alhali idan aka raba shi da biyar sai ya zama 14 cikin 20 kawai. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne 45, wanda ci ne a can, amma da lissafin kai tsaye ya koma 9, wato faɗuwa a nan. A ganina rashin adalci ne a juya maki da rabawa kawai, sai dai ba ranar dawowa ake wannan muhawara ba. A sa ma'aunin juyawar a cikin takardar tun farko.

Akwai kuma ɗabi'ar jiran babbar jarrabawa. A jami'o'in Najeriya kashi 30 ko 40 na maki daga gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida yake fitowa, kuma ƙa'ida ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darasi kafin ya zauna jarrabawa. Wanda yake dawowa gida kowane bikin aure ko suna, tun da hanya kusa ce, yana cin makinsa ne bai sani ba. Turancin Ingilishi kuwa shi ne abin da Hausar Kano take ɓoye wa baƙo: a ɗakin kwana da kasuwa ba zai ji baƙunta ba, sai ranar da aka ajiye masa takardar tambayoyi. Maganinsa shi ne ya nemi tambayoyin shekarun baya tun watan farko, ya riƙa amsa su a rubuce yana ba wani ɗan ajinsu ya gyara masa, ya kuma rage zama cikin ƴan Nijar kaɗai.

Kalandar karatu ba ta tafiya tare. Yajin aikin malaman jami'a na ASUU a 2022 ya kama daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, ya bar kowace jami'a da nata lokacin buɗewa. Kada a sayi komai sai an ga ranakun a rubuce, kuma a tambayi sashe abin da za a yi idan zangon can ya shiga cikin na gida.

Takardun tafiya ba su buƙatar dogon bayani, amma tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda zai zauna watanni ya tafi da fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardar gayyatar jami'a, ya kuma kai kansa ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje a makon farko. Layin waya a can sai da NIN, wato lambar shaida ta ƙasa, asusun banki kuma sai da BVN, lambar tantance mai asusu. Kada a canza sefa duka rana ɗaya a Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, domin farashin naira ba ya zama wuri ɗaya. Mai samun tallafin ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, kuma ya bar wa wani amintacce wakilci a rubuce.

Sai ranar dawowa, inda ɗoki yake sa mutum ya hau mota da ya fito daga jarrabawa ta ƙarshe. Sakamako ba ya fita sai majalisar jami'a ta amince da shi, abin da yakan ɗauki makonni ko watanni, kuma neman takardar sakamako daga Damagaram ta waya wahala ce babba. Kafin barin gari, ɗalibi ya biya duk abin da ake bin sa, ya karɓi shaidar ɗakin karatu da ta ɗakin kwana, ya cike takardar neman sakamako da adireshin ofishin rajistarmu a kai, ya kuma karɓo wasiƙa daga shugaban sashen can mai nuna darussan da ya zauna wa jarrabawa. Da wannan wasiƙa zai yi rajistar zango na gaba a gida, kafin sakamakon ya iso a kai shi wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi ya juya shi zuwa Faransanci.